Farautar Ƙarfen Yaƙi a Tsohuwar Gonar Roba

Setapak, Asabar kafin asuba

Ƙarfe biyar da kwata na fito daga gidanmu da ke hawa na tara a unguwar Setapak, jaka a baya, takunkumi a fuska. Maiɗakina Hadiza ta rako ni har bakin lif, ba don tafiyar ta kwanta mata ba.

"Abban Amira, ni fa ban yarda da Alhajin nan ba," in ji ta. "Mutumin da ba ku taɓa haɗa kwano ba, rana tsaka ya ce ka bi shi daji?"

"Kwana ɗaya ne. Gobe da yamma ina gida."

"To, Allah ya tsare. Amma kada ka riƙe wa kowa kaya."

Duk ɗan Najeriyar da ya zauna a Malesiya ya san nauyin wannan magana. Ƙasa ce da in aka kama mutum da ƙwaya, maganar igiyar rataya ake yi, kuma ba a tambayar wa ya ba ka ajiya.

Bari in gaya wa mai karatu abin da ya fitar da ni. Ni malamin jami'a ne a gida, aka turo ni digiri na uku a fannin binciken abin da ke ƙarƙashin ƙasa da na'urori. Korona ta rutsa da mu a nan, muka shafe watanni ba inda muke zuwa sai kantin ƙasan bene. A cikin 2021, da aka fara sassauta kulle ga waɗanda suka yi rigakafi, sai wani Alhaji Sabo ya neme ni a waya. Bakano ne, yana aika kaya gida daga kasuwar Chow Kit, gaisuwa kawai ke haɗa mu a sallar idi. Da kasuwa ta tsaya, zaman banza ya sa ya sayi na'urar gano ƙarfe, irin mai faifai a ƙasa da sanda, wadda ake yawo da ita ana saurare. Ya ce ta ƙi yi masa aiki, duk inda ya kai ta sai ta yi ta kuka. Ya ji an ce aikina ke nan. Ya ce akwai wani tsohon sansanin soja na zamanin yaƙin duniya na biyu a arewacin birni, in zo mu je in saita masa ita. Gaskiya ko kasuwar kifi ya ce in raka shi a lokacin, zan bi, don bango ya ishe ni.

Chow Kit

Motar hayar da na kira ta waya ta sauke ni a Chow Kit kan ringit goma sha biyu, kuɗin ƙasar, hanya fayau. Kasuwar da na sani ba masaka tsinke, ran nan masu kifi ne kaɗai ke sauke kwanduna. Na sami Alhaji a shagonsa, muka yi sallar asuba a tsakanin kwalayen da suka shekara suna jiran jirgi.

Da muka sauko ya haɗa ni da direbanmu. Sunansa Raju, ɗan ƙasa ne amma asalin Indiya, siriri, zai yi shekara sittin, tsohon direban tasi. Kowa Ankul Raju yake ce masa. Shi ya san wurin da za mu. Ya ɗaga mini kai kawai.

Ya buɗe but muka zuba na'ura da shebur biyu da ƙaramar diga da robobin ruwa. A kusurwa na ga wani ƙunshi kamar girman ƙwarya, an naɗe shi da baƙar leda, an zagaye da salatif. Na kai hannu zan gusa shi jakata ta sami wuri, sai Ankul ya yi wuf ya tare ni.

"Kada ka taɓa, bos."

Na juya ga Alhaji da Hausa. "Alhaji, mene ne a ciki?"

"Kayansa ne mana. Shiga mu tafi, Dakta, rana za ta yi mana."

Dakta yake ce mini, alhali ko rubutun ban gama ba. Ya shiga gaba, na shiga baya.

Shingen Selayang

Muka kama tsohuwar hanyar arewa. Gab da Selayang muka haye wani tudun rage gudu, shebur suka yi ƙara a but. Nan take Ankul ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya fita, ya buɗe but, ya ɗauko ƙunshin nan da hannu biyu, ya buɗe ƙofar baya ya ajiye shi a kujera kusa da ni. Ya lulluɓe shi da farin tawul, har da ja masa bel. Ya koma ya tada mota, ba bayani.

Ba mu yi nisa ba sai ga fitilu masu walƙiya a gabanmu. Shingen 'yan sanda ne.

Jama'a, na ji maganar Hadiza a kunnena kamar tana cikin motar. Lissafin da na yi shi ne: mutumin nan ya san da shingen, ya san but za a buɗe, shi ya sa ya dawo da kayansa gefen baƙo. In an bincika, wa ke zaune da su? Na matsa jikin ƙofa har kafaɗata ta yi zafi, na ɗora hannuwana biyu a gwiwa inda kowa zai gan su.

Ɗan sandan ya leƙo ya karɓi katin Ankul, ya karɓi fasfo ɗinmu, ya sa muka nuna shaidar rigakafi a waya.

"Najeriya?" ya ce, ya daɗe yana duban hotona. "Ina za ku?"

Ankul ya amsa da Malayanci, da sauri, ban tsinci komai ba sai sunan Rawang. Aka ce ya buɗe but. Na ji ana ɗaga na'ura ana juya ta, na ji ɗan sandan ya yi dariya. Da ya dawo ya haska kujerar baya da tocila, hasken ya bi ta kan tawul ɗin, ya tsaya a fuskata, sannan ya miƙo fasfo ya ɗaga mana hannu.

"Ka ga ba komai," in ji Alhaji. Amma na lura shi ma ya zare hularsa yana share gumi, ga sanyin mota.

Rawang

Wajen bakwai da rabi muka tsaya karin kumallo a wani mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi. An gwada zafin jikinmu a ƙofa, aka zaunar da mu tebur mai jan salatif a kujera ɗaya. Na ci roti biyu, wato gurasarsu, da miyar wake da shayin madara, bai kai ringit biyar ba. Ankul bai ci ba. Ya fita da waya yana magana da yarensu ƙasa-ƙasa, yana yi yana waiwayen motar.

A nan Alhaji ya fito da abin da ke ransa. Ya matso, ya rage murya, kamar akwai mai jin Hausa a Rawang.

"Dakta, kai kana zaton maɓallan soja suka fito da ni? An ce da Japanawa za su bar ƙasar nan ba su iya kwashe abin da suka tara ba. A sansanoni suka binne. Zinare nake gaya maka."

"Alhaji, wa ya ce?"

"Ana faɗa."

"To shi wannan Ankul ɗin, yaushe ka san shi?"

"Ya ɗan jima yana kai mini kaya filin jirgi. Shi ya kawo maganar wurin da kansa. Ya ce mai kawai zan zuba."

Direban da kasuwa ta mutu masa, ya ce mai kawai za a zuba? Ruwa ba ya tsami banza. Na fita kamar zan wanke hannu, na ɗauki hoton lambar motar na tura wa Hadiza.

Gonar roba

Bayan Serendah muka bar kwalta, muka bi jar hanya ta cikin gonar kwakwar manja, tafiyar kamar kilomita shida. A ƙofar wata tsohuwar gonar roba wani maigadi ya tare mu. Ankul ya fita suka yi magana, ya dawo da littafin baƙi muka rubuta suna da lambar waya. Maigadin ya bi mu da ido har muka sha kwana.

Wanda ya yi zaton zai ga bariki, zai sha mamaki. Ba komai sai itatuwan roba da aka daina tatsa, da ciyawa iya gwiwa, da wasu dakalan siminti da saiwa ta farfasa. Akwai matacciyar rijiya, can ƙasa kuma ƙaramin kogi. Ankul ya ce Turawan Ingila ne suka fara zama a nan, Japanawa suka kore su suka zauna, bayan yaƙi Turawan suka dawo. Yana nuna wurare da hannu: nan kicin, nan wurin motoci, can ɗakunan leburorin gona. Na ce a raina, yaya aka yi ya san wurin kamar tafin hannunsa?

Matsalar na'urar ba ta da wuya. Ƙasar wurin marmara ce, cike take da sinadarin ƙarfe, shi ya sa take kuka ko'ina. Na saita ta da ƙasar, na rage mata ji, ta yi shiru. Muka fara shara a hankali, ni da na'ura, Alhaji da shebur. Duk inda ta yi ƙara sai ya durƙusa da bismilla.

Abin da muka tono ran nan: gwangwanaye da tsatsa ta cinye, ƙusoshi, murafun kwalba, kwanson harsashi guda bakwai da suka yi kore, cokali mai lanƙwasasshen wuya, da maɓallin tagulla ɗaya mai hoton kambi. Maɓallin nan ya tsaya mini a rai. Na goge shi da yatsa ina tunanin rigar da ya fita daga jikinta, da ko mai rigar ya koma gida. Alhaji kuwa ya jefa shi a leda ya ce, "Gaba dai, Dakta."

Sauro ya ci mu, matsattsaku biyu suka kama ni a idon sawu, sai da na cire safa na ga jini. Ankul bai taɓa shebur ba. Yana zaune a mota, ƙofar baya a buɗe, kusa da ƙunshinsa.

Masauki a Batang Kali

Ruwan la'asar ya kore mu. Muka fita zuwa Batang Kali, inda Alhaji ya kama mana ɗaki a gidan wata dattijuwa Bamalayiya mai saukar baƙi, ringit tamanin. Da ta ga baƙaƙen fata biyu sai ta ja baya ta gyara takunkumi. Ta ce a waya ba a gaya mata 'yan waje ba ne. Sai da ta duba shaidar rigakafinmu sau biyu, ta kuma ji mun yi mata sallama irin ta Musulmi, sannan ta ce, "Boleh," wato ta yarda, ta nuna mana ɗakin da ke wajen gida. Shinkafa da soyayyen kifi da yaji a bakin ƙofa ta ajiye mana, ta ƙwanƙwasa ta koma. Ban ga laifinta ba. Yadda take kallona haka na wuni ina kallon wani.

Ankul ya ce shi a mota zai kwana.

Bayan magariba na rufe ƙofa na fuskanci Alhaji.

"Alhaji, tsakaninka da Allah, me ke cikin ledar nan?"

Ya ajiye cokali. "Wallahi ban sani ba."

"Ka ce kayansa ne."

"Kayansa ne, amma ban san ko mene ne ba. Ni da na ga ya ajiye kusa da kai, kai kuma ka yi shiru, har na fara tunanin ko kun san juna."

"Ni? Ni da yau-yau na fara ganinsa?"

"To ai shi ne. Ni ma tun Selayang nake cikin zargi."

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa, ko kuwa ya ga na farga ne yake neman wanke kansa. Muka yanke cewa da safe, kafin mota ta tashi zuwa birni, sai an buɗe ledar nan a gabanmu, in ba haka ba mu hau jirgin ƙasa. Da fasfo ɗina a aljihun wando na kwana.

Lahadi, bakin kogi

Da hantsi muka koma gonar. Ana tsayawa, kafin mu buɗe baki, Ankul ya cire takalmansa, ya ɗauki ƙunshin ya rungume, ya nufi gangaren kogi. Alhaji ya yi mini inkiya da ido. Na bi bayansa daga nesa, ina fakewa da itatuwa, wayata a hannu a shirye.

A bakin ruwa ya durƙusa ya yanke salatif. Ya zare leda, sai ga farin ƙyalle, cikin ƙyallen kuma 'yar tukunyar ƙasa da furanni da suka bushe. Ya shiga ruwa har gwiwa da tufafinsa. Ya buɗe tukunyar ya karkata ta, toka ta zubo, ruwa ya tafi da ita. Ya daɗe a tsaye, kafaɗunsa na rawa.

Na juya zan koma, ƙafata ta taka busasshen reshe. Ya waiwayo ya gan ni, da waya a hannu.

"Mahaifiyata ce, bos," in ji shi da ya fito. "Korona ce ta ɗauke ta a asibiti. Ba su bar ni na gan ta ba, tukunya kawai suka miƙo mini. A ɗakunan can aka haife ta. Tana yarinya take kai wa sojoji ruwa, ita ta riƙa ba ni labarin wurin nan. Ta ce a kawo ta kogin nan. Wata da watanni hanya a rufe."

"Me ya sa ba ka gaya mana ba?"

"Ku Musulmi ne, ba kwa ƙona gawa. Na ce in kun ji ba za ku shiga motar ba. Kuma da mutum ya ji korona, sai ya gudu." Ya matse ƙafar wandonsa. "Jiya na so in yi, na kasa. Ƙanwata ce take ta kira tana tambaya."

"To me ya sa ka dawo da ita kusa da ni?"

Ya dube ni kamar tambayar ba ta da ma'ana. "Shebur ne suka faɗo mata. Uwata ce, lah. Yaya zan bar ta a but?"

Ba zan ɓoye ba, jikina ya yi wani iri da na tuna na yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da tokar mutum. Ba al'adarmu ba ce, ba addininmu ba ne. Amma kunyar da ta rufe ni ta fi wannan. Na mayar da waya aljihu, na yi masa ta'aziyya da 'yan kalmomin da na iya. Da na gaya wa Alhaji, ya yi salati ya ce, "Allah ya sa ba mu yi masa rashin mutunci jiya ba."

Bayan rijiya

Ankul ya ce mu yi aikinmu, shi zai zauna ya bushe. Muka koma bayan matacciyar rijiya, inda ba mu taɓa ba jiya. Ban yi taku da yawa ba na'urar ta saki wata ƙara mai kauri wadda ba ta yi irinta ba. Na zagaya ta kowane gefe. Abu ne babba, kuma ba shi da zurfi sosai.

"Akwati ne!" in ji Alhaji. Ya ajiye shebur ya ɗauki diga.

"Alhaji, bi a hankali. Sa hannu."

Bai ji ba. Sara biyu, a na uku diga ta goge wani abu ta yi tsalle. Na riƙe hannunsa, na durƙusa na share ƙasa da yatsu. Ƙarfe ne mai tsatsa, mai siffar kwalba, tsawonsa ya kusa kamu biyu, da fukafukai a gindi. Ban taɓa aikin soja ba, amma a darasinmu ana nuna mana hoton abin da in ka gani za ka ajiye kayan aiki. Harsashin igwa ne da bai fashe ba. Ga sabon tabon diga yana ƙyalli a jikinsa.

"Alhaji, ajiye digar nan a hankali. Ja da baya. Bom ne."

Ba mu tsaya ba sai a mota. Alhaji ya zauna a ƙasa yana innalillahi. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Mu mayar da ƙasa mu tafi. Shekara nawa yana kwance bai taɓa kowa ba?"

"Yanzu mun tone shi, mun kuma dake shi," na ce. "Ni ba zan koma kusa da shi ba."

Ankul ya ce yaran ƙauyen da ke ƙetare suna zuwa kamun kifi ta nan, dole a kira 'yan sanda.

Alhaji ya miƙe ya koma Hausa. "Dakta, yi tunani. 'Yan Najeriya biyu, Musulmi, a daji, da bom. Ka san abin da za a rubuta? Kai karatunka zai tafi, ni shagona zai tafi. Wa zai tsaya jin zancen maɓalli?"

Maganarsa ba shirme ba ce, shi ya sa ta tsorata ni. Ankul ya fahimci inda muka dosa ko da bai ji yaren ba. Ya ce zai kai mu tashar jirgin ƙasa mu koma birni, shi ya je ofishin 'yan sanda shi kaɗai ya ce shi ya gani.

A tashar Batang Kali Alhaji ya fita. Ni na kama murfin ƙofa, na fasa. Kada mai karatu ya ɗauka jarumta ce. Sunana da lambata suna littafin maigadi, suna wurin dattijuwar masauki, ɗan sandan Selayang ya ga fuskata da na'ura. Gudu da waiwaye shi ke kawo mugun zato. Kuma, in faɗi gaskiya, duk da abin da na gani a bakin kogi, ban yarda a ba da labarina a inda ba na nan ba.

"Alhaji, ni zan bi shi."

"Dakta, kana da iyali fa."

"Shi ya sa."

Ya girgiza kai, ya shige tasha.

Ofishin 'yan sanda

Muka kai rahoto wajen sha ɗaya da rabi. Nan da nan aka tura mota da Ankul ya nuna wurin, aka killace shi. Ni aka karɓi fasfo ɗina da wayata da na'urar, aka sa ni a wani ɗaki mai sanyi. Da Ankul ya dawo aka kai shi wani ɗakin daban.

Wani sufeto mai ƙiba ya zauna gabana, da ladabi, amma tambaya ɗaya sai ya yi ta sau uku ta fuska uku. Me nake karanta? Wa ke biya mini? Wa ya ba mu izinin tono? Na ce babu, kuma ban san ana nema ba. Ya ce ana nema, kayan tarihi na ƙasa ne. Ya zazzage ledarmu a tebur yana juya maɓallin da biro. Aka bar ni na yi azahar a kusurwa. Sannan ya dawo ya jefo wadda nake tsoro.

"Ku nawa ne?"

Na shiga lissafi. In Ankul ya ce mu biyu ne don ya rufa wa Alhaji asiri, ni na ce uku, na ƙaryata shi. In ya ce uku na ce biyu, na zama maƙaryaci a gaban hukuma, ga bom a tsakani. Ba yadda zan san abin da aka faɗa a ɗakin can.

"Mu uku ne," na ce. "Na ukun ya tsorata, ya tafi tasha."

Sufeton ya rubuta. Sannan ya ce, "Direban ma haka ya ce. Na ukun kuma ga shi can a waje, tun ɗazu yake damun mutanena."

Da aka fito da ni, sai ga Alhaji Sabo a benci, da leda uku na shinkafa da ya yo mana tapau, wato ya sayo a ƙunshe. Ya ce jirgi biyu suka wuce yana zaune, ƙafarsa ta ƙi shiga. Shi ma aka shiga da shi ya ba da nasa bayanin. Can wajen la'asar muka ji wani dum daga nesa, gilasan taga suka amsa. Masu kwance bom ne suka tarwatsa shi a inda yake. Alhaji ya dubi hannunsa na dama, wanda ya riƙe diga.

Aka yi mana gargaɗi mai zafi, aka ce za a sanar da makarantata, aka riƙe na'ura da duk abin da muka tono, aka mayar mana da fasfo da wayata. Har na fara jin Alhaji ya shiga raina saboda dawowar da ya yi, sai na ji shi a bakin ƙofa yana tambayar sufeto, "Yallaɓai, ita na'urar yaushe zan zo in karɓa?" Har yau ban san ko don mu ya dawo ba, ko don ita. Na tambaye shi a mota, ya ce, "Dakta, ci shinkafarka."

Komawa gida

Muka taso gab da magariba. An ɗage shingen Selayang. Kujerar da ke gefena ba kowa, sai farin tawul a ninke. Muka sauke Alhaji a Chow Kit, Ankul ya ce sai ya kai ni har ƙofa. A Setapak na miƙa masa abin da ke aljihuna, ya ture hannuna.

"Ka zauna kusa da ita har ta isa gida, bos. Ya isa."

Ban gaya masa yadda na yi zaman ba.

Hadiza na tsaye a bakin lif, ta wuni tana kiran waya a kashe, idanunta sun yi ja. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ga jar laka da jini a safa, ta ce, "Shiga wanka tukuna, kada ka taɓa mini yarinya." Sai da na fito na ci tuwo sannan na ba ta labari, ta yi ta salati har na gama. Makaranta ta kira ni bayan kwana biyu, na sha faɗa wurin malamina, maganar ta tsaya a nan.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya sa digar nan ta goge ba ta sara ba. Ina gode wa dattijuwar Batang Kali da ta ba mu ɗaki tana tsoronmu, da sufeton da ya saurara har ƙarshe, da Alhaji Sabo, ko don me ya dawo. Ankul Raju kuwa, na gode masa, kuma ina neman afuwarsa.